Coci, maƙabarta da tudu: abin da tsohuwar taswira ta rubuta wanda wayarka ba ta nuna maka

Kwanakin baya na je ta'aziyya wani ƙauye da ban taɓa zuwa ba. Kafin in bar gida na buɗe manhajar taswirar da ke wayata na rubuta sunan garin. Ta kai ni bakin kwalta, daga nan ta yi shiru. Allo fari fat, sai ɗigon nan shuɗi da ke nuna inda nake tsaye. Da na kira baffana, kwatancen da ya yi mini bai wuce jimla uku ba: "Ka bi burtalin da ke hannun hagu. In ka wuce coci mai jan kwano za ka hangi maƙabarta a kan tudu. Ka bi ta gefenta ka gangara, gidan yana bakin rafi." Cikin minti goma na isa.

A hanyar dawowa na yi ta tunanin kwatancen. Abubuwa huɗu ya ambata: coci, maƙabarta, tudu da rafi. Babu ko ɗaya a cikinsu da ke kan wayata, alhali da su mutanen wurin suke gane ƙasarsu. Ni kuwa sana'ata rubuta manhaja, kuma na ɗan jima ina koyon sarrafa bayanan taswira da kaina, don haka na san akwai wata irin taswira da aka ƙirƙira domin ta rubuta irin waɗannan abubuwa. Turawa suna ce mata "topo" a taƙaice. Ni zan kira ta taswirar tudu da kwari.

A yau za mu duba wannan taswira ta hanyar wata ƙasa da ta saki nata kyauta a intanet, wato Amurka. Za mu ga yadda ake karanta ta, dalilin da ya sa coci da maƙabarta suka cika ta, abin da ya faru da wasu al'ummomi lokacin da aka tashe su, da kuma abin da kai da wayarka za ku iya yi a nan gida.

Mece ce taswirar tudu da kwari?

Taswirar da muka saba da ita a waya an gina ta ne don ta kai mota daga wannan wuri zuwa wancan, ta kuma nuna maka shago, gidan mai da wurin cin abinci. Shi ya sa take cika maƙil a cikin birni, ta kuma yi fayau da zarar ka shiga karkara. Ita kuwa taswirar tudu da kwari aikinta shi ne ta zana ƙasar kanta: inda ta tashi, inda ta faɗa, inda ruwa ke bi, inda daji yake, da abin da ɗan'adam ya gina a kai, ko akwai ciniki a wurin ko babu.

A Amurka hukumar da ke wannan aiki ita ce USGS, wadda aka kafa a 1879. Ta fara shirin zana ƙasar gaba ɗaya a 1884, zamanin shugabanta John Wesley Powell. Taswirorinta da suka fi shahara su ne masu ma'aunin 1:24,000, ma'ana santimita 1 a kan takarda daidai yake da mita 240 a ƙasa. Kowace takarda tana ɗauke da yanki mai tsawon kusan kilomita 14 daga arewa zuwa kudu. Sai da aka buga kimanin takardu 55,000 kafin a rufe jihohi 48 da ke haɗe da juna, kuma ba a kammala ba sai 1992.

Abin da ya ba waɗannan takardu daraja shi ne yadda aka yi su. Bayan an ɗauki hoto daga jirgin sama, sai a tura ma'aikatan safiyo su shiga yankin da kansu. Su ne za su tabbatar cewa ginin da aka hango daga sama makaranta ce ko coci, su tambayi mutanen gari sunan rafi da sunan tudu, su kuma gano kaburburan da ke ƙarƙashin bishiyoyi waɗanda kyamarar jirgi ba ta iya gani.

Yadda ake karanta ta

In ka buɗe ɗaya daga cikinsu karon farko za ka ga kamar yaro ne ya yi zane-zane. Ka fara da launi. Shuɗi ruwa ne. Kore daji ne ko itatuwa. Baƙi abin da mutum ya gina ne, kamar gida, layin dogo da ƙananan hanyoyi. Ja manyan tituna ne. In ka ga shunayya, gyara ne da aka ƙara daga baya ta hanyar hoton jirgin sama ba tare da an je wurin an duba ba, don haka ka riƙe shi da sassauci.

Sai layukan nan masu launin ƙasa-ƙasa da suke lanƙwashewa ko'ina. Su ne layukan tsayi. Kowane layi yana bin wuraren da tsayinsu daga saman teku ya zo ɗaya. In kana tafiya a kan layi guda, ba ka hawa ba ka sauka. Tazarar tsayi tsakanin layi da layi a rubuce take a ƙasan takardar, sau da yawa ƙafa 10 ko 20, a wurare masu tsaunuka kuma ƙafa 40. Kowane layi na biyar ya fi sauran kauri, kuma a kansa ake rubuta lambar tsayin.

Ƙa'idoji uku sun ishe ka. In layukan sun cushe kusa da juna, gangare ne mai tsanani. In sun yi nesa da juna, fili ne shimfiɗaɗɗe. In sun yi zobe cikin zobe, tudu ne, kuma ƙaramin zoben na tsakiya shi ne ƙololuwa. Ƙari a kan haka, duk inda layukan suka tsallaka rafi sukan yi tsini kamar harafin V, kuma tsinin yana nuna inda ruwan ya fito.

Yanzu ga alamun da muka zo dominsu. Coci ɗan ƙaramin murabba'i ne baƙi da gicciye a kansa, a gefe a rubuta sunansa da "Ch". Makaranta irin wannan murabba'in ne amma da tuta. Maƙabarta kuwa ana kewaye ta da layi tsinke-tsinke, a rubuta "Cem" ko a sa gicciye a ciki. In ka riƙe waɗannan, sauran duk a hankali za su zo.

Me ya sa coci da maƙabarta suka cika taswirar karkara?

Da na fara buɗe takardun yankin kudu maso gabashin Amurka, abin da ya fara ɗaukar idona shi ne yawan waɗannan alamu biyu. Za ka ga wurin da babu gari, babu kasuwa, gidaje a warwatse, amma ga coci a mararraba mai suna irin su Mount Zion, Shiloh, Bethel ko New Hope, ga kuma "Cem" nan da can, wasu da sunan iyali a jikinsu.

Dalili na farko na masu safiyo ne. Mai zana taswira yana neman abin da ba ya motsi, wanda matafiyi zai gani ya san inda yake. Shago yana rufewa, gona tana sauya hannu, gidan katako yana ruɓewa. Wurin ibada da wurin binne mutane su ne suka fi daɗewa a inda aka kafa su. A Ingila ma haka abin yake, har hukumar taswirarsu ta Ordnance Survey ta ware alama daban ga coci mai hasumiya mai kusurwa huɗu da kuma mai tsini, saboda daga nesa ake hango su, kuma masu awo sun daɗe suna saita na'urarsu a kansu.

Dalili na biyu na tarihi ne. A karkarar Amurka mutane da yawa ba su zauna a dunƙule kamar ƙauyukanmu ba. Kowane iyali yana zaune a tsakiyar gonarsa. Abin da ke haɗa su shi ne cocin, wanda a wurare da dama shi ne ma ya ba unguwar suna. Iyalan da suke nesa da coci kuma sukan ware wani lungu a gonarsu su binne nasu a nan. Shi ya sa ƙananan maƙabartun iyali suka yi yawa haka.

In ka haɗa alamun da layukan tsayi, sai ƙasar ta fara ba ka labari. Sau da yawa za ka tarar maƙabarta tana cikin zoben layuka, wato a kan tudu, nesa da inda ambaliya ke kaiwa, yayin da gonaki suke ƙasa kusa da rafi. Daidai da abin da baffana ya kwatanta mini. In kuma ka ga maƙabarta ita kaɗai a tsakiyar kore, babu coci, babu gida, sai wata hanya tsinke-tsinke da ta mutu a kusa da ita, to akwai yiwuwar a da mutane sun zauna a wurin. Gidajen sun tafi, cocin ya rushe ko ya ƙaura, kaburbura suka rage.

Labarin Fontana: ruwa ya raba mutane da kaburburan iyayensu

Misalin da ya fi taɓa ni yana jihar North Carolina. A 1933 gwamnatin Amurka ta kafa hukumar TVA domin gina madatsun ruwa da samar da lantarki a yankin kogin Tennessee. Kowace madatsa tana nufin kwari zai cika da ruwa, kuma a cikin kwarin akwai gonaki, coci-coci da kaburbura. Hukumar ta tura masu safiyo suna bin maƙabartu ɗaya bayan ɗaya suna zana su, suna neman dangin mamatan. A alƙaluman da ta fitar, an bincika kaburbura fiye da 69,000, an kuma tone fiye da 20,000 an mayar da su wani wuri.

Madatsar Fontana an gina ta ne a kan kogin Little Tennessee tsakanin 1942 da 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ake matuƙar buƙatar lantarki don masana'antun yaƙi. Tsayinta ƙafa 480, kimanin mita 146. Da tafkin ya cika, ya haɗiye ƙananan garuruwa irin su Judson da Bushnell, ya kuma shanye titi mai lamba 288 wanda shi ne hanyar mutanen da ke arewacin kogin. Garin Proctor, wanda a da cibiyar yankan katako ne, ruwa bai ci shi ba, amma ya zama babu hanyar zuwa. Aka tashi mutanen, aka haɗe ƙasar da gandun dajin Great Smoky Mountains.

Kaburburan da ruwa zai rufe an kwashe da yawansu. Waɗanda suke kan tudu kuwa, sama da iyakar ruwan, an bar su a inda suke, maƙabartu sama da 20. A wata yarjejeniya ta 1943 an yi alkawarin gina sabon titi a gefen tafkin. Aka fara, aka yi 'yan kilomitoci har da rami a cikin dutse, aikin ya tsaya a farkon shekarun 1970. Har yau mutanen yankin suna kiransa titin da ba ya zuwa ko'ina. Sai a 2010 aka sasanta a kan gwamnatin tarayya za ta biya ƙaramar hukumar Swain dala miliyan 52 a madadin titin, aka kammala biya a 2018.

Zuri'ar waɗancan mutane ba su daina zuwa ba. A wasu ranakun Lahadi cikin shekara, hukumar gandun dajin tana tsallaka da su tafkin a jirgin ruwa, su taka zuwa maƙabartun, su share, su sa furanni, su yi addu'a, su ci abinci tare. In ka buɗe taswirar yankin ta kafin 1944 za ka ga kogi siriri da hanya a gefensa. In ka buɗe ta bayan nan za ka ga shuɗin tafki ya mamaye kwarin, arewacinsa kore zalla, sai alamun maƙabarta jefi-jefi a kan tuddai. Waɗannan 'yan alamu suna daga cikin shaidar da ta rage a takardar gwamnati cewa mutane sun rayu a nan.

Idan wuri ya faɗo daga taswira

Mutanen Fontana sun yi rashi, amma an rubuta kaburburansu. Akwai waɗanda ko wannan ba su samu ba. A birnin Tampa na jihar Florida an kafa maƙabartar Zion a 1901 domin baƙaƙen fata. Birni ya faɗaɗa, filin ya sauya hannu, sunan maƙabartar ya ɓace daga taswirorin gari. A farkon shekarun 1950 aka gina rukunin gidajen gwamnati na Robles Park Village a kan wani ɓangare nata. Sai a 2019 jaridar Tampa Bay Times ta bi tsoffin takardu da taswirori ta tayar da maganar. Da aka kawo na'urar da ke leƙa ƙarƙashin ƙasa, aka ga alamun akwatunan gawa fiye da 100 a ƙarƙashin harabar gidajen, har sai da aka kwashe mazauna gine-ginen da abin ya shafa.

Irin wannan ya faru a wurare da dama, musamman ga kaburburan bayi da zuri'arsu, waɗanda galibi ba su da dutse mai rubutu, sai itace ko tsiro da aka dasa a matsayin alama. A Disamban 2022 majalisar dokokin Amurka ta amince da wata doka ta taimaka wa aikin gano maƙabartun baƙaƙen fata da adana su.

Darasin a nan a fili yake. Taswira ba ta nuna komai da komai, tana nuna abin da mai zana ta ya gani ko aka faɗa masa ko ya ga ya cancanta. Kuma shekaru bayan haka, injiniyan da zai fitar da titi ko mai sayen fili ba zai tambayi tsoffin da suka riga suka rasu ba. Taswira zai buɗe. In wurin fari ne, a wajensa fili ne.

Da aka koma kwamfuta, me ya sauya?

A 2009 USGS ta fara fitar da sabon salo mai suna US Topo. Waɗannan kwamfuta ce ke haɗa su daga rumbunan bayanai, ana sabunta su kusan duk shekara uku, kuma suna da hoton sama a ciki. Sun fi sauri, sun fi araha. Sai dai ba a tura kowa ya taka ƙasa. Duk abin da babu rumbun bayanansa na ƙasa baki ɗaya ba ya fitowa, don haka gine-gine da ƙananan hanyoyi da yawa da tsoffin takardu suka nuna ba su bayyana a sababbin ba.

Akwai kuma rumbun sunayen wurare na Amurka mai suna GNIS, wanda tun farko daga jikin waɗancan takardu aka kwashi sunayensa. A 2021 an cire wasu rukunoni daga cikinsa aka adana su gefe, ciki har da coci, maƙabarta da makaranta, aka bar sunayen tsaunuka, koguna da garuruwa. Bayanan maƙabartu yanzu a wani rumbu ake kula da su, kuma masu aikin sa-kai na shirin The National Map Corps suna taimakawa wajen duba su da gyara su daga gidajensu.

A matsayina na mai rubuta manhaja, wannan ya koya mini abu guda da nake maimaita wa abokan aikina: manhaja ba ta san abin da ba a zuba mata ba. In ƙasa mai kuɗi da tauraron ɗan'adam irin Amurka tana neman mutanen gari su taya ta tabbatar da inda maƙabarta take, to farin allon da na gani a hanyar ta'aziyya ba zai cike kansa ba.

Gwada da wayarka

Gani ya kori ji. Tun 2011 USGS ta fara sakin hotunan tsoffin taswirorinta, sama da 170,000, kuma kyauta ne. Ka shiga burauzar wayarka ka nemi topoView. A akwatin bincike ka rubuta Fontana Dam. Zai jero maka duk takardun da aka taɓa bugawa na wurin tare da shekarunsu. Ka zaɓi ɗaya tsohuwa da ɗaya ta baya-bayan nan ka gwama. In data ta yi maka ƙaranci ka ɗauki JPEG, domin sauran nau'o'in sukan fi nauyi. Daga nan ka gwada Cades Cove, wani kwari a cikin gandun dajin nan inda aka tashi mutane amma aka bar tsoffin coci uku da maƙabartunsu, har yau masu yawon buɗe ido suna ziyarta.

Don ganin layukan tsayi na yankinka kuwa, akwai shafin OpenTopoMap, wanda ke haɗa bayanan OpenStreetMap da awon tsayin ƙasa da jirgin sama jannati na Endeavour ya yi da na'urar rada cikin kwana 11 a Fabrairun 2000. Manhajojin Organic Maps da OsmAnd ma suna nuna layukan tsayi, kuma suna aiki ba tare da intanet ba in ka riga ka sauke taswirar yankin.

Abu ɗaya da ke rikita masu farawa: in ka ɗauki lambobin wuri daga tsohuwar takarda ka zuba a GPS ɗin waya, za ka iya samun kanka gefe da wurin da mitoci masu yawa. Ba wayar ce ta lalace ba. Tsoffin taswirorin Amurka sun dogara da tushen awo mai suna NAD27, na Najeriya kuma da wanda ake kira Minna, alhali waya tana amfani da WGS84. Kullum ka duba ƙasan takardar ka ga wanne aka rubuta.

A nan gida

Mu ma muna da irin waɗannan takardu. Hukumar safiyo ta Birtaniya mai kula da ƙasashen waje da kuma hukumar safiyo ta tarayya sun zana sassa da dama na Najeriya a ma'aunin 1:50,000, inda santimita 2 ke daidai da kilomita 1. Da yawansu na shekarun 1960 da 1970 ne. A Nijar kuma hukumar taswira ta Faransa ce ta yi yawancin na farko. Bambancin shi ne namu ba sa samuwa da danna maɓalli ɗaya, kuma ƙauyuka sun sauya sosai tun lokacin.

Labarin Fontana ma ba baƙo ba ne a wajenmu. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, tafkin ya rufe tsohon garin Bussa, aka mayar da mutane New Bussa, aka kuma tashi dubun-dubatar mazauna bakin kogin Neja. Yau ma ana fitar da tituna, ana yanka filaye a gefen birane, zaizayar ƙasa tana cin gefen maƙabartu, rashin tsaro kuma ya sa ƙauyuka da dama sun watse.

Akwai wani abu da ya sa namu ya fi saurin ɓacewa. A yawancin maƙabartun Musulmi a ƙasar Hausa ba a gina kabari, ba a kafa dutse mai suna. Tudun ƙasa ne, bayan wasu damuna ya baje. A ƙauyukan Kirista ma akwai iyalan da ke binne nasu a bayan gida ko a gona. In babu katanga, iyakar wurin tana cikin kan dattawa ne kawai. Ranar da suka kau, ko aka watse, sai ya zama babu mai cewa daga nan zuwa nan ne.

A nan OpenStreetMap ke shigowa. Taswira ce da aka fara a Ingila a 2004, kowa yana iya buɗe asusu kyauta ya ƙara abin da ya sani, kuma manhajoji da ƙungiyoyin agaji da yawa daga ita suke ɗibar bayanai. A Android akwai Vespucci da Every Door, a iPhone akwai Go Map!!, a kwamfuta kuma shafin kansa yana da wurin gyara. Wurin ibada ana sa masa amenity=place_of_worship, sannan religion=christian ko religion=muslim. Maƙabarta ana zagaye iyakarta a sa landuse=cemetery, in kuma a harabar wurin ibada take a sa amenity=grave_yard. Sunan Hausa yana shiga name:ha.

Kafin ka fara, ga sharuɗɗan da ni kaina nake bi. Na farko, ka nemi izini. Ka je wajen mai unguwa ko dagaci, limami ko fasto, ka bayyana abin da kake son yi, ka bari su nuna maka iyaka su kuma faɗa maka sunan da ake kiran wurin. Na biyu, duk abin da ka sa duniya ce za ta gani. A yankin da ake fama da hare-hare ko rikicin addini, in mutanen wurin ba su natsu da a nuna wurin ibadarsu ba, ka bari. Za ka iya ɗaukar lambobin iyakar ka rubuta a takarda ka ba shugabannin al'umma su ajiye. Na uku, kada ka sa sunan mamaci ko na masu gida. Na huɗu, kada ka kwafo daga wata taswirar kamfani, dokar OpenStreetMap ta hana, abin da ka gani da idonka shi ake so. Na biyar, GPS ɗin waya a fili yakan yi kuskuren kimanin mita 5, a ƙarƙashin bishiyoyi ya fi haka, don haka ka tsaya a kowace kusurwa ka ɗan jira lambobin su daidaita.

Ka kuma sani cewa sa wuri a wannan taswira ba takardar mallaka ba ce. In ana jayayya a kan fili, safiyo mai lasisi da ofishin filaye su ne hanya. Amfanin abin da ka sa shi ne ya zama rubutacciyar shaida mai kwanan wata, wadda mai tsara titi, ma'aikacin lafiya ko baƙo irina zai gani.

Makonni biyu bayan ta'aziyyar na koma ƙauyen. Baffa ya kai ni wajen mai unguwa, wani dattijo ya zagaya da ni gefen maƙabartar yana nuna mini inda ta tsaya, har da wani ɓangare ta gabas da ciyawa ta rufe wanda da ni kaɗai ne da na ɗauka gona ce. Faston cocin mai jan kwano ya faɗa mini cikakken sunansa. Duka aikin bai ci awa biyu ba, data kuma ba ta kai ta kallon bidiyo ɗaya ba. In ka je gida hutun nan, ka buɗe taswirar ƙauyenku ka duba ko maƙabartar da aka binne kakanninka tana ciki. In babu, ka fara da gaishe da mai unguwa.